Wai da gaske kanwa tana kashe amfanin wake?

Maman_Hafsa_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimi ku raba mana gardama, gidana ya ɗau zafi tun shekaranjiya. Hafsa ta dawo daga lise, wato makarantar sakandare, ta tarar da kakarta, uwar maigidana ke nan, tana jefa kanwa a tukunyar wake. Yarinyar nan ko jakarta ba ta ajiye ba ta ce wai malaminsu na SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ya ce kanwa tana kashe amfanin abinci. Goggo ba ta ce uffan ba. Ta tsame kanwar da ludayi, ta ajiye ludayin a kan murfi, ta ce tunda Allah ya ba gidan likita, likita ta zo ta ƙarasa girkin. Waken da muka ci a daren nan, in ka jefi kare da shi sai ya yi kuka.

Na sa Hafsa ta ba da haƙuri, wannan an wuce wurin. Amma ni kaina ina son in sani: gaskiya malamin ya faɗa? Sannan wani abu. Tun da muka tashi daga tsohuwar unguwa muka koma inda muke shan ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, wake ya daina nuna mini da wuri, ga shi wurin mutum ɗaya nake saye. Ruwan ne, ko hannuna ne ya canza?

Ɗan_Kilishi:
Wa alaikumus salam. Kanwa uwar gami ke nan, ta haɗa jika da kaka. Allah ya huci zuciyar Goggo.

Inna_MaiWake:
Maman Hafsa, ki gaishe mini da malamin, ki tambaye shi ko shi zai riƙa saya mana gawayi. Shekara 19 ina sayar da wake da shinkafa a bakin tasha. In ban sa kanwa ba, kafin tukunya ta sauka masu moto sun ci na wata sun tafi. Kuma ban taɓa ganin wanda ya rame don cin wakena ba, sai ma masu neman a ƙara musu rami a bel.

MalamSVT_Marwa:
Ba ni ne malamin Hafsa ba, kada a biyo ni da ludayi. Amma darasinmu ɗaya, bari in fara da tambaya ta biyu don ita ce mabuɗin ta farko.

Ƙwayar wake, in aka duba ta a madubin ƙara girma, ɗakuna ne ƙanana birjik, kowane da katangarsa, cike da gari da furotin. Abin da ya manne katanga da katanga wani danƙo ne da ake kira pektin. Nunar wake ba komai ba ce illa wannan danƙon ya saki, ɗakunan su rabu, garin ciki ya sha ruwa ya kumbura. To akwai abin da ke ƙara wa danƙon ƙarfi, shi ne kalsiyam da magniziyam. Kowane ɗayansu kamar mai hannu biyu ne, yana kama zaren pektin na dama da na hagu ya ƙulle su. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana ratsa duwatsu yakan kwaso su da yawa. Hajiya, leƙa cikin butar da kike tafasa ruwan shayi. In kin ga farin ɓawo ya kama gindinta, kuma sabulu ba ya kumfa sosai kamar da, to ba hannunki ba ne, ruwan ne.

Kanwa kuwa aiki uku take yi a lokaci guda. Sodiyam ɗin cikinta mai hannu ɗaya ne, in ya ture kalsiyam ya zauna a wurinsa ba ya iya ƙulla zare biyu, sai ɗaurin ya kwance. Kabonet ɗin cikinta yana kama kalsiyam ɗin ruwan ya mai da shi alli, ya kwanta. Na uku, tana juya ruwan tukunya ya zama kishiyar tsami, abin da muke ce wa baz a aji, wasu littattafan su ce alkali, kuma a irin wannan ruwan zaren pektin yana tsintsinkewa da sauri in ya ji wuta. Tsami akasin haka yake yi. Shi ya sa wadda ta zuba tumatir tun wake bai nuna ba take kwana a bakin murhu.

Ɗan_Kilishi:
Allah gafarta Malam, alkali kuma? Har kotu maganar ta kai?

MalamSVT_Marwa:
Wannan ba ya ɗaure kowa sai tsami. Kalmar ma ba ta Turawa ba ce, daga Larabci suka ara, al-ƙily, wato tokar tsirrai. Ma'aunin da ake auna abin shi ne pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla 7 ne, lemun tsami wajen 2, ruwan kanwa yakan kai 10 ko sama da haka.

Maman_Hafsa_Garwa:
Wallahi butar shayina fara fat a ciki, har kankarewa nake da cokali. Na gode Malam. Amma ka zagaye mini ta farkon. Tana kashewa ko ba ta kashewa?

MalamSVT_Marwa:
Tana kashe wani abu, ba ta kashe komai da komai. Wake yana da bitamin B1, wanda jiki ke buƙata don ya mai da tuwo da shinkafa ƙarfi, jijiyoyi ma suna dogara da shi. Wannan bitamin ɗin ba ya jure zafi a cikin ruwan alkali, gwargwadon yawan kanwa da daɗewa a wuta gwargwadon asararsa. Haka bitamin C na ganye. Kin ga yadda kuɓewa ko lalo ke yin kore shar in an sa kanwa? Kanwar ta kare launin ganyen ne daga tsami, ido ya ji daɗi, amma bitamin C ɗin ya tafi. Furotin kuwa, wanda saboda shi talaka ke cin wake a madadin nama, yana nan. Sinadarin ƙarfe ma yana nan, shi ba abin da tafasa ke rusawa ba ne, sai dai a tsiyaye shi da ruwa. Saboda haka Hafsa ta faɗi rabin gaskiya, a lokacin da bai dace ba, ga wadda bai dace ba.

Baban_Walid:
Ni na ji an ce kanwa fotash ce, kuma fotasiyam yana da kyau ga masu hawan jini. Ke nan magani ma muke ci ba mu sani ba.

Ɗalibar_Kimiyya_Dang:
Baban Walid yi haƙuri, a nan kam akwai haɗari, kada wani mai hawan jini ya karanta ya ɗauka. Sunan fotash da 'yan kasuwa ke kiran kanwa da shi kuskure ne da ya bi baki. Kanwa ta tafki sodiyam ce: sodiyam kabonet da sodiyam bikabonet, haɗe da ɗan gishirin miya da wasu gishirai da yashi. Fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Mai fotasiyam da gaske ita ce toka, wato ruwan tokar da ake tacewa daga karan dawa ko na gero da aka ƙona, wanda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa cukkuri. Aikinsu a tukunya kusan ɗaya ne shi ya sa ake ganin duk kanwar ja ce, amma a jini hanyarsu daban.

Abin da ya fi burge ni a darasin nan: alamar sodiyam a littafi Na ce, alhali babu n a farkon sunan. Daga natriyum ta fito, shi kuma daga natron, kalmar da ta yi dangi da atrun da Larabawan Cadi ke kiran kanwa. Da ita mutanen Masar na dā suke busar da gawar fir'aunoninsu. Sai a 1807 wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, ya ware sodiyam da fotasiyam da wutar lantarki, a shekara guda. Duk ɗalibin da ya rubuta Na a jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, kanwar Goggo yake rubutawa.

MalamarAsibiti_Yagwa:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata, kin riga ni. Ni damuwata ba ta tukunyar wake ba ce, ɗan abin da ake sawa a wake na mutum goma ne. Damuwata kunun kanwa na masu jego, da masu jiƙa kanwa su sha duk lokacin da ƙwannafi ya taso.

Na ƙwannafin, gaskiya ne yana lafawa nan take. Ciki yana da asid, wato ruwan tsami mai ƙarfi, kanwa ta gamu da shi su kashe juna, iskar kabon ta fita, mutum ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi. Amma sodiyam ɗin ya shige jini, kuma in gyambon ciki ne ke damunsa an rufe shi ne kawai ba a warkar ba. Sodiyam duk inda ya je ruwa yake riƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Ku lissafa gishirin miya, da dunƙule, sannan a ɗora kanwa.

Na taɓa karɓar wata yarinya, haihuwar fari, kwana 20 da sauka. Ƙafafunta sun kumbura, in na danna yatsa a ƙaurinta ramin sai ya zauna. Ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Uwarta na gefe riƙe da fulas, na buɗe, kunun kanwa ne har ya yi duhu don yawanta. Ba na cewa kunun kaɗai ya jawo, ciwon zuciyar bayan haihuwa yana da dalilai da dama. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura yana yawaita a inda ake haɗa kunun kanwa mai yawa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar wata tara, an ƙara mata ruwa, an ƙara mata zafi.

Hajiya_Babba:
'Yata, ni tara na haifa, kowane na yi wankan arba'in na sha kununa, ga ni nan ina danna waya da jikoki. Ku 'yan zamani komai na iyaye sai kun sa masa suna. Da tsohuwar zuma ake magani.

MalamarAsibiti_Yagwa:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya, ya bar mana ku. Ban ce a zubar da kunu ba, gero da ɗumi suna da amfani ga mai shayarwa. Roƙona a rage hannu a kanwar, kuma wadda ta yi hawan jini ko kumburi da cikin, a ɗauke mata ita gaba ɗaya. Waɗanda abin ya kayar ba sa cikin zauren nan da za su ba mu nasu labarin.

Hajiya_Babba:
To, na ji wannan. Mai kumburi dama ko a da ba a cika mata ba.

Alhaji_Ungurnu:
Ana ta maganar kayana ban sa baki ba. Ni daga kakana muke wannan fatauci, daga Baga Sola da Liwa muke ɗaukowa. Ku sani kanwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ungurnu mai tauri kamar dutse, akwai fara mai gari-gari wadda aka fi ba dabbobi, akwai ja. Ɗan gutsuren ungurnu ya fi tafin hannu na wata, shi ya sa awon "ɗan kaɗan" na mata ke ba su matsala in sun canza mai sayarwa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba: ba a cikin tafkin ake haƙa ba. A arewa maso gabashinsa, ƙasar Kanem, akwai kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi. Ka haƙa kaɗan sai ruwa. Ana buɗe rami a bar shi, rana ta bazara ta shanye ruwan, kanwa ta kwanta a cikin laka, a shiga a fasa a ɓamɓaro ta falle-falle. Je ka ga ƙafafun masu aikin, duk sun tsattsage, don tana cin fata. Kakana ya ce a zamaninsu Buduma ne ke tsallaka da ita zuwa Baga ta Barno a jiragensu na ciyawa. Yanzu sai manyan motoci, ga kuma halin tsaro da kowa ya sani.

Baban_Walid:
Na karɓi gyara a kan fotash. Amma Alhaji ka sa ni wata tambayar. Na sha ruwan tafkin a Darak, garɗinsa lafiya lau, ba gishiri. Ta yaya ruwa mai daɗi zai haifi kanwa a gefensa?

Injiniya_Njamena:
Tambayar nan ta daɗe tana ba masana aiki. A ƙa'ida tafkin da ruwa ke shiga ba ya fita ta kogi gishiri yake zama, don rana tana ɗauke ruwa ta bar abin da ya narke a ciki. Tafkin Cadi ba shi da mafita a sarari, kuma rana tana shanye kimanin mita 2 na ruwansa kowace shekara, a tafkin da dama ba zurfi gare shi ba. Da tuni ya zama ba ya shawuwa.

Abin da ya cece shi, na farko ruwan da ke shigo masa mai sauƙin gishiri ne. Kusan kashi 90 cikin 100 daga Shari da Lagon yake zuwa, waɗanda suka haɗu a nan tsakanin Njamena da Kusiri, ɗaya daga Afirka ta Tsakiya, ɗaya daga tsaunukan Adamawa. Na biyu, tafkin yana yoyo ta ƙasa. Ruwa yana tsiyaya cikin rairayi ya tafi da gishirin, musamman ta wajen Kanem. A hanya kalsiyam ne ke fara fita, wani ya kwanta ya zama alli, wani dodon koɗi da makamantansa su gina bayansu da shi. Abin da ya rage a ruwan sai sodiyam da kabonet. In ya isa kwaruruka irin waɗanda Alhaji ya kwatanta, ruwan ƙasa yana kusa da sama, ƙasa tana tsotso shi kamar yadda lagwani ke jan kalanzir, rana ta busar, kanwa ta zauna. Wato kanwar da ke kasuwa ita ce gishirin da tafkin ya fitar don ya zauna da daɗinsa. Asalinta kuwa duwatsun kudu ne da ruwan sama ya daɗe yana lasa.

Ɗan_Kilishi:
Tafkin da aka ce ya ƙafe saura kaɗan? Kenan kanwa ma ta kusa ƙarewa, Goggo ta yi tanadi.

Bakin_Lagon_Kusiri:
Wannan magana ta "tafki ya ƙafe" tana ba ni haushi. Ku zo Kusiri ku faɗa wa waɗanda suka kwana a tanti a 2022, suka sake a 2024. Ni da kaina na ɗauki mahaifiyata a kwalekwale daga ƙofar ɗakinta. Duk ruwan nan ina ya tafi in ba tafkin ba?

Injiniya_Njamena:
Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, mu ma nan ƙetare mun sha. Ku biyun kowa na da tasa gaskiyar. A wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka karya shi, ya rabu gida biyu, buɗaɗɗen ruwan ya koma abin da bai fi 2,000 ba. Hoton wancan lokacin ne har yau ake yawo da shi. Daga baya ruwa ya ƙaru, sai dai da yawansa yana ƙarƙashin ciyayi da fadama, kuma yana hawa yana sauka da damina. Bai koma na 1963 ba, bai kuma mutu ba.

Direban_Faya:
Ku da kuke gardamar shekara 60. Ni hanyar Faya nake bi, ta Musoro da Salal da Kuba Olanga. Akwai inda za ka tsaya a tsakiyar Sahara, ba ko tsiro, ƙasa fara tas, taya na nutsewa kamar a garin rogo. Wata rana muna jiran injin ya huce yaron motata ya tono ƙashin bayan kifi, gaɓa ɗaya ta kusa cika tafin hannunsa, ga ɓawon koɗi ko'ina. Ya ce mini oga wa ya ci kifi a nan? Na ce wanda ya ci ya daɗe da tafiya.

Kuma Alhaji, ba ku kaɗai ke da kanwa ba. A Tibesti, hanyar Zuwar zuwa Bardai, akwai wani rami da Faransawa ke ce wa Trou au Natron, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne. Zurfinsa ya doshi mita 1,000, gindinsa fari fat. Na leƙa sau ɗaya jiri ya ɗebe ni.

Ɗalibar_Kimiyya_Dang:
Kawu direba, gindin tsohon tafki ka taka. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce ruwan ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma mafi zurfinsa can ne kwarin Bodele. Farar ƙasar nan ba yashi ba ce, ɓawon wasu halittun ruwa ne masu ƙwaya ɗaya, diyatom, da suka mutu suka taru. Ba ta da nauyi, ga iska tana matsowa ta tsakanin Tibesti da Ennedi kamar ta bakin mazurari. Shi ya sa Bodele ke cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Hazon hunturu da ke hana jirgi sauka a Garwa, da yawansa daga can ne. Wata ƙurar Sahara har tekun Atlantika take tsallakawa, ko da yake masana suna jayayya kan nawa ne na Bodele a cikin wadda ke isa dajin Amazon.

Yaya_Falmata:
Tunda an zo Kanem bari in yi tallar garinmu. A tafkunan kanwar nan da kifi ma ba ya so, akwai abin da ke rayuwa ya yi kore a saman ruwa. Mu muna ce masa dihe. Mata ke shiga da sassafe su kwaso da ƙwarya, a haƙa ɗan gurbi a rairayi mai tsabta a zuba, ruwa ya tsotse, rana ta busar, a yanka shi gutsu-gutsu. Miyarsa da tuwon gero sai wanda ya ci. Yanzu na ga shi a kantin magani cikin kwalba, an sa masa spirulina, kuɗinsa kuwa sai ka riƙe baki.

MalamSVT_Marwa:
Shi ne dai Yaya Falmata. Fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960, daga nan duniya ta waiwayo. Ba ganye ba ne, dangin bakteriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma irinsu ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin fiye da shekara biliyan 2 da suka shige. Kanwar da ta kori sauran halittu ita ta bar masa fili shi kaɗai.

Admin_Zaure:
Jama'a, baiwar Allah ta tambayi wake, kun kai mu Amazon. A dawo tukunya.

Uwargida_Mokolo:
Yauwa. Ni ga abin da nake yi. Ina jiƙa wake tun dare da ɗan gishiri, da safe in zubar da ruwan in ɗauraye, in dafa da sabon ruwa. Sau da yawa ko kanwa ba na nema. In da hali da damina ki tari ruwan sama ki gwada, za ki ga bambanci da na foraj.

Inna_MaiWake:
Gishiri a wake tun bai nuna ba? Ai ƙanƙare shi yake yi, kowa ya san wannan.

MalamSVT_Marwa:
Inna, na san haka ake faɗa, amma gishiri ma sodiyam ne, a jiƙo yana taimakawa, bai dai kai kanwa ƙarfi ba. Mai ƙanƙarar da wake tsami ne, da kuma tsufa. Waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yakan yi taurin da ko an kwana ana dafawa sai a hankali.

Inna_MaiWake:
Malam ka tsaya a allonka. Ranar da ka dafa tiya biyar kafin sallar asuba sai mu yi magana. Abu ɗaya zan yarda da shi: in kanwa ta yi yawa wake yana yin baƙi, ya yi santsi kamar sabulu, tukunyar alminiyam ma ta yi duhu a ciki. Wannan kam na gani da idona.

Gainako_Vina:
Ba a tambaye mu ba amma mu ne manyan masu sayen kayan Alhaji. Saniya ciyawa take ci, ciyawa kuwa gishirinta kaɗan ne, in ta daɗe ba ta samu ba za ka ga tana lasar ƙasa, tana tauna tsumma, nono ya ragu. Nan kusa da Ngaundare akwai lahore, rijiyar ruwan kanwa a bakin kogin Vina, tun zamanin lamiɓe, sarakunan Fulani na dā, ake kai garke. Abin da malamar asibiti ke hana mutane, mu da kuɗi muke nema wa shanu.

Manomi_Diamare:
Mu kuma shi ne ya kashe mana gona. Wanda ya san harde ya san abin da nake nufi: fili fari, tauri kamar siminti, ruwan sama ya kwanta a kai ya ƙi shiga, ko fartanya tsalle take. Wani malamin gona ya ce mini a irin wannan ƙasar sau da yawa sodiyam ne ya yi yawa a yumɓun. Da na karanta bayanin Malam na mai hannu ɗaya da mai hannu biyu sai na ce to ai ga shi. Kalsiyam ke dunƙule yumɓu ya bar ƙofofin da ruwa zai bi, sodiyam ya zo ya watsa shi ya toshe su. Mu dai abin da muka iya shi ne mu yi kunya-kunya mu tare ruwa, mu zuba taki, a hankali wani wurin har masakwa yana karɓa.

MalamSVT_Marwa:
Wallahi Baba ka fi wasu 'yan ajina kamawa. Maman Hafsa, ga aikin gida, a yi shi gaban Goggo. Ki jiƙa folere, zoɓo ke nan, ki raba kofi uku na gilashi. Ɗaya ki bar shi, ɗaya ki matsa lemun tsami, ɗaya ki ɗiga ruwan kanwa. Sannan ki daka 'yar kanwa a faranti ki matsa mata lemo.

Maman_Hafsa_Garwa:
Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar muka yi a tsakar gida. Na lemo ya ƙara ja, ya yi haske kamar an kunna masa fitila. Na kanwa kuwa, ɗigo na farko wani duhu ya sauka a ciki kamar hayaƙi, Hafsa ta juya cokali, kofin gaba ɗaya ya koma wani shuɗi-shuɗi mai ɗaukar kore, ba ka ce zoɓo ba ne. Ƙannenta suka hau ihu. Ta matsa lemo a kansa, jan ya fara dawowa daga sama. Ta faranti kuma ta yi ta tsiiii tana kumfa.

Goggo tana kan tabarma tana jan carbi kamar ba ta kallo. Can sai ta ce, wannan ne karatun? Ai tun tana budurwa ta san in miyar yakuwa ta cika tsami kanwa ake sa mata ta kashe, kuma tana kumfa haka. Hafsa ta ce to Goggo ai shi ne asid da baz. Goggo ta ce a'a, shi ne girki.

Yau na jiƙa wake da gishiri kamar yadda Uwargida ta ce. Ya fi saurin nuna, amma bai kai yadda Goggo ke so ba, sai da ta faki idona ta jefa 'yar ƙanƙanuwa, ba ta kai rabin wadda ta saba ba. Na yi kamar ban gani ba.

Hajiya_Babba:
Ki gaishe ta. Ki ce 'yar'uwarta ta ce ta yi daidai.

MalamarAsibiti_Yagwa:
Rabi ma ci gaba ne. In Goggo na da hawan jini dai a riƙa aunawa.

Baban_Walid:
Ni har yanzu ban gane ba, a sa ko kar a sa? Malam ya ce tana cin bitamin, Inna ta ce gawayi, kowa da tasa. Kuma ɗanwake fa? Shi ai ba ya yiwuwa sai da ita.

Alhaji_Ungurnu:
Ɗanwake ba kanwa ai sunansa wani abu daban. Mai son ungurnu ta gaske, mota na shigowa Kusiri ranar Alhamis in Allah ya kai mu, in hanya ta yi kyau.

Admin_Zaure:
Alhaji, talla sai ranar Juma'a, ka san doka.